Eyam: majami'ar ƙauyen Ingila da mutanensa suka kulle kansu tare da annoba

Eyam ƙaramin ƙauye ne a yankin Derbyshire, cikin tuddan tsakiyar Ingila, kimanin kilomita 20 daga birnin Sheffield. Mazaunansa ba su wuce mutum dubu ba. A rubuce sunan yana da haruffa huɗu, amma ƴan garin «Im» suke cewa, kuma baƙon da ya karanta shi yadda aka rubuta nan take ake gane daga nesa ya fito. Dubban mutane ne ke zuwa garin kowace shekara, yawancinsu kuma wuri ɗaya suke nufa: majami'ar St Lawrence ta ɗarikar Angilika, wadda a ƙarƙashin jagorancin limaminta mutanen ƙauyen suka amince, a shekara ta 1666, cewa ba mai fita daga garin har sai annobar da ke kashe su ta wuce.

Majami'ar na gefen babbar hanyar ƙauyen, kaburbura sun kewaye ta ta kowane ɓangare, kamar yadda aka saba a ƙauyukan Ingila inda maƙabarta da wurin ibada suke cikin shinge ɗaya. Ginin na dutse ne mai launin toka, da hasumiya mai kusurwa huɗu inda ƙararrawa take. Wasu sassansa sun kai ƙarni na 13, an sake gina wani ɓangare a farkon ƙarni na 17, sannan a ƙarni na 19 aka yi masa babban gyara har sau biyu. Ke nan ba ginin zamani ɗaya ba ne. Kowane ƙarni ya zo ya ƙara nasa, wani lokaci ma ya rushe na magabata.

Tun kafin a kai ƙofa akwai abin tsayawa a duba. A cikin maƙabartar akwai wani gicciye na dutse da masana ke cewa an sassaƙa shi wajen ƙarni na 8 ko na 9, zamanin da Ingila ba ta zama ƙasa ɗaya ba. Tsawonsa ya ɗara mita biyu, an zana masa mala'iku da rassan inabi masu murɗewa, kuma duk da wani yanki na jikinsa ya ɓata, kansa yana nan, abin da ba kasafai ake samu ba a irin waɗannan duwatsu. A bangon kudu kuma akwai agogon rana da aka kafa a 1775. Inuwar ƙarfensa ce ke nuna sa'a, kuma wanda ya tsara shi ya sassaƙa sunayen wasu birane na duniya domin a san lokacin da rana ke tsaka a can. A cikinsu har da Rum da Ƙudus da Makka. A ƙasar da hadari ke rufe rana kwana da kwanaki, agogon yakan yini bai faɗi komai ba.

Ƙunshin yadi daga Landan

A 1665 annoba ta afka wa Landan. Cutar ita ce wadda Larabawa ke kira ɗa'un: zazzaɓi mai zafi, kaluluwa ta kumbura a matsematsi ko hammata ko wuya, fata ta yi baƙi-baƙi, cikin ƴan kwanaki mutum ya cika. An ƙiyasta ta kashe mutum dubu 100 a birnin, kusan ɗaya cikin huɗu na mazaunansa. Eyam na da nisan fiye da kilomita 200 daga can, kuma mutanensa manoma ne da makiyaya tumaki da masu haƙar dalma, ba ruwansu da babban birni.

Yadda labarin ya zo, a ƙarshen watan Agustan shekarar wani ƙunshin yadi ya iso daga Landan zuwa gidan telan garin, Alexander Hadfield. Yaron shagonsa, George Viccars, ya kwance kayan ya tarar sun yi danshi, sai ya shanya su a bakin murhu. Ana kyautata zaton akwai ƙuma a cikin yadin. An binne Viccars ranar 7 ga Satumba 1665, kuma wannan kwanan wata ba zato ba ne, yana rubuce a rajistar majami'a. Bayan mako biyu wani ƙaramin yaro na gidan, Edward Cooper, ya bi shi, sannan maƙwabta. Kafin shekara ta ƙare an binne mutum 42.

Gidajen da abin ya fara suna nan a jere, ƴan taku kaɗan daga ƙofar majami'ar, kuma har yau da mutane a cikinsu. A gaban kowanne an kafa allo mai ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a ciki. A gida ɗaya, na iyalan Thorpe, mutum tara ne, ba wanda ya rage. Baƙi kan tsaya suna ɗaukar hoto a gaban furannin ƙofar gida, masu gidan kuma suna ciki suna harkokinsu.

Sanyin hunturu ya sa cutar ta lafa, har wasu suka ɗauka ta tafi. Da zafi ya dawo a 1666 sai ta taso fiye da da. Wasu masu hali sun riga sun kwashe iyalansu sun bar garin, sauran ma suka fara shirin gudu.

Limamai biyu da ba sa ga maciji

A nan ne labarin ya shiga majami'a. Limamin Eyam a lokacin, William Mompesson, saurayi ne da bai kai shekara 30 ba, kuma a 1664 aka kawo shi, wato baƙo ne. Mutanen garin da yawa zuciyarsu na wajen tsohon limaminsu, Thomas Stanley, wanda aka tuɓe bayan an maido da sarauta a Ingila a 1660. Stanley na cikin masu ra'ayin tsarkake addini da suka ƙi amincewa da littafin addu'o'in da dokar 1662 ta wajabta wa kowane limami, kuma wannan saɓani ne da aka zubar da jini a kansa a yaƙin basasar ƙasar ƴan shekaru kafin nan. Mompesson na da muƙami, Stanley na da jama'a. Da ɗayansu ya yi magana shi kaɗai, da wuya a saurare shi.

Sai suka haɗa kai. A watan Yunin 1666 suka gabatar wa jama'a shawara uku. Kowane gida ya binne mamatansa da kansa, kusa da gida ko a gona, ba tare da jana'iza ba. A rufe majami'a, a koma yin ibada a fili inda iyalai za su tsaya nesa da juna. Ta ukun ita ce mai nauyi: a shata iyaka kewaye da garin, ba shiga ba fita, domin kada cutar ta bi masu gudu zuwa Sheffield da Bakewell da sauran garuruwan arewa.

Mai karatu a Nijar bai manta da 2020 ba, lokacin da aka killace Yamai aka kuma rufe masallatai saboda korona, da irin ƙurar da hakan ya tayar. Rufe wurin ibada a lokacin da mutane suka fi buƙatarsa ba ƙaramin abu ba ne a ko'ina. Ga mutanen Eyam na wancan zamani, binne mutum a wajen ƙasar majami'a ma wani tashin hankali ne na daban, domin a nan kakanninsu suke kwance.

Garin da aka kulle sai an ciyar da shi. Basaraken yankin, mai riƙe da sarautar Devonshire da ke zaune a gidan Chatsworth, ya ɗauki nauyin aiko da abinci da magani, kuma ƙauyukan kewaye suna kawo kaya su ajiye a bakin iyaka su juya. Ba sai an ce tausayi ne kaɗai ba. Zaman mutanen Eyam a gida kariya ce ga shi basaraken da talakawansa. Wuraren ajiyar biyu suna nan. Ɗaya wani dutse ne a kan hanyar ƙafa da ta nufi ƙauyen Stoney Middleton, an huda masa ramuka shida a ka, inda ake zuba ruwan tsami na binegar a jefa kuɗin biya a ciki da nufin wanke su daga cuta. Ɗayan wata rijiya ce a kan tudu arewa da gari, wadda yanzu ake kira da sunan Mompesson. Maziyarta har yau suna jefa sulalla a ramukan dutsen.

Watan Agusta ne ya fi muni: fiye da mutum 70 cikin wata ɗaya, wasu ranaku biyar ko shida. A wata gona da ke gefen gari, wata mata mai suna Elizabeth Hancock ta binne mijinta da ƴaƴanta shida tsakanin 3 da 10 ga watan, da hannunta. Kaburburan suna tsakiyar wani fili da tumaki ke kiwo, an kewaye su da gajeren bangon dutse, tafiyar kusan rabin sa'a daga majami'a. Ba ƙofa mai makulli, ba mai gadi, ba mai karɓar kuɗi. Ita ta rayu, daga baya ta bar garin.

Gidajen da ba wanda ya rage da zai yi haƙa, wani mahaƙin dalma mai suna Marshall Howe ne ke ja da gawa ya binne. Ya kamu da cutar ya warke, don haka ya ɗauka ba za ta sake kama shi ba, kuma ana ba da labarin cewa yakan biya kansa da kayan mamatan. Matarsa da ɗansa sun mutu a wannan watan na Agusta.

Abin da ke cikin ginin

Cikin majami'ar ba girma ba ne da shi. Akwai jerin bencina na katako, da mumbari na itacen da ya yi baƙi don tsufa, da kwamin dutse na baftisma. A saman bangon tsakiya ana ganin ragowar wasu tsofaffin zane-zane na tambarin ƙabilu goma sha biyu na Bani Isra'ila, waɗanda suka daɗe a ƙarƙashin shafe kafin a gano su a ƙarni na 20. Akwai kujerar katako da ake danganta wa Mompesson, da wani ƙaramin kabad da ake cewa daga akwatin yadin nan aka ƙera shi. Wannan na biyun zance ne na baka, kuma an fi kyauta masa idan aka ɗauke shi a haka.

Taga ɗaya ta gilashi mai launi, wadda aka saka a 1985, ta tattara labarin: Mompesson a tsakiya yana wa'azi a fili, Viccars da yadinsa, da wasu masoya biyu da rafi ya raba. Su ne Emmott Sydall ƴar Eyam da saurayinta Rowland Torre na Stoney Middleton, waɗanda aka ce sukan hangi juna daga nesa ba tare da sun matso ba, har ranar da ta daina zuwa. Sunan Emmott yana cikin waɗanda aka binne a watan Afrilun 1666. Sauran labarin daga bakin mutane ya fito.

Abin da ya fi tsayar da mutane shi ne littafin sunaye da aka ajiye a buɗe, an jera mamatan wata bayan wata. Sunan iyali ɗaya sai ya fito yau, ya fito jibi, ya sake fitowa bayan kwana uku, daga nan ba za a ƙara ganinsa ba. Majami'ar na lissafa mutum 273, yawancin littattafai kuma suna cewa 260. Yawan mutanen garin kafin annobar ma ana saɓani a kai, daga 350 zuwa 800, don haka wasu ke cewa kashi uku cikin huɗu ne suka mutu, wasu kuma kashi ɗaya cikin uku. Cewa ana iya wannan lissafi bayan shekaru fiye da 350 albarkacin wata doka ce ta 1538, wadda ta tilasta wa kowace majami'ar gunduma a Ingila rubuta duk baftisma da aure da binnewa. Tela da mahaƙi da jaririn wata biyu duk sun shiga takarda.

A waje, kusa da tsohon gicciyen, akwai kabarin Catherine, matar Mompesson. Ma'auratan sun tura ƴaƴansu biyu wajen dangi tun kafin a kulle gari, mijin ya so ta bi su, ta ƙi. Ta zauna tana zagaya marasa lafiya tare da shi, ta mutu a ƙarshen Agusta 1666 tana da shekara 27. An binne ta a maƙabartar majami'a a daidai lokacin da sauran jama'a ke binne nasu a bayan gida; allunan garin ba su cika tsayawa a kan wannan bambanci ba. Mutum na ƙarshe, Abraham Morten, an binne shi ranar 1 ga Nuwamba 1666, wata 14 bayan na farko.

Sadaukarwa ce ko tarko?

Ba a samu wata babbar ɓarkewar cutar a garuruwan kewaye ba, kuma a kan wannan ne sunan Eyam ya tsaya. To amma masana tarihi sun daɗe suna yi wa labarin tambayoyi. Patrick Wallis, wani malamin tarihi a Landan, ya nuna a wani nazari na 2006 cewa abin da aka rubuta a zamanin annobar kaɗan ne, galibi rajista da wasiƙun Mompesson, kuma yawancin abin da ake ba baƙi labari ya samu siffarsa ne a ƙarni na 18 da na 19, musamman ta littafin wani ɗan garin, William Wood, na 1842. Killace gari ma ba Eyam ce ta ƙirƙiro shi ba. Hukumomi a Ingila da sauran Turai sun saba tilasta shi. Sannan wanda ba shi da doki, ba shi da dangi a wani gari, kuma ya san maƙwabta za su kore shi da duwatsu, ina zai je? Masu hali sun fita tun da wuri, talakawa ne suka cika littafin.

Ta fuskar likitanci ma akwai magana. Ba a gano ƙwayar cutar ba sai a 1894, lokacin da Alexandre Yersin ya ware ta a Hong Kong, kuma bayan shekara huɗu wani likitan Faransa, Paul-Louis Simond, ya nuna rawar da ƙumar ɓera ke takawa. Mutanen 1666 ba su san ko ɗaya ba. Wani bincike da aka buga a 2016, wanda ya bi rajistar Eyam gida-gida, ya kai ga cewa kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwar daga mutum zuwa mutum ne. Idan haka ne, iyakar ta yi amfani ga na waje, ta kuma tsananta wa na ciki, tunda ta tsare masu lafiya a ɗaki ɗaya da marasa lafiya. Duka biyun gaskiya ne a lokaci guda, kuma tagar gilashin rabi ɗaya kawai ta zana.

Wannan bai hana labarin yaɗuwa ba. Marubuciya Geraldine Brooks ta gina wani ƙagaggen labari a kansa a 2001, kuma a 2020, da korona ta sa cocin Ingila ta dakatar da ibadar jam'i a watan Maris, ƴan jarida daga ƙasashe da dama sun yi ta tururuwa zuwa ƙauyen.

Wa ke biyan kuɗin rufi?

St Lawrence ba gidan tarihi ba ce. Gidan tarihin garin daban yake, da siffar ɓera a saman rufinsa tana nuna inda iska ta dosa. Majami'a ce mai aiki, ana ibada ranar Lahadi, ana ɗaura aure, ana jana'iza. Tana ƙarƙashin cocin Ingila, wadda ta rabu da Fafaroma a 1534 zamanin Sarki Henry na Takwas, kuma ita ce uwar ɗarikar Angilika da ta kai har Wusasa a Zariya. Sarkin Ingila ne shugabanta na ƙoli, wanda hakan kan sa baƙo ya zaci gwamnati ce ke kula da gine-ginen. Ba haka ba ne. A Faransa dokar 1905 ta bar tsofaffin majami'u a hannun ƙananan hukumomi, amma a Ingila nauyin kowane gini yana kan masu ibadar wurin: su ne ke neman kuɗin gyaran rufi, da inshora, da wutar ɗumama ɗaki.

Cocin na da majami'u kusan dubu 16, fiye da dubu 12 daga cikinsu doka ta sa su cikin kayan tarihin da ba a taɓawa sai da izini, kuma gyaransu sai ƙwararrun magina masu tsada. Masu zuwa ibada kuwa raguwa suke. A ƙidayar 2021, kashi 46 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales ne suka ce su Kirista ne, karo na farko da adadin ya gaza rabi, yayin da kashi 37 suka ce ba su da addini. A ƙauyuka da yawa limami ɗaya ne ke zagaya majami'u uku ko biyar ko fiye, kuma tsofaffi ƴan ƙalilan ne ke riƙe da makulli. Ga kuma ɓarayi da ke hawa rufi da dare su ɓamɓare dalmar da aka shimfiɗa, su sayar wa masu gwangwan, ruwan sama ya gama sauran ɓarnar. Ɗaruruwan majami'un da aka daina ibada a cikinsu yanzu wata gidauniya ce ke kula da su.

Eyam ta fi yawancinsu sa'a, domin annobar da ta kusa share garin ita ce ke kawo masa baƙi: motocin ƴan makaranta, masu yawon tuddai da sandunansu, da jikokin waɗanda suka rayu masu neman sunan kakanni. Shiga kyauta ne, akwai akwatin taimako kusa da ƙofa. Ana sa ran baƙo ya rage murya, ba a tambayarsa addininsa, ba kuma a cire takalmi.

Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Agusta kowace shekara, jama'a kan taru a majami'ar, a ɗora jajayen furanni a kan kabarin Catherine, sannan a yi jerin gwano zuwa Cucklet Delf, kwarin da ke da wani dutse mai kama da ƙofa inda Mompesson ya riƙa tsayawa yana wa'azi lokacin da majami'a ke rufe. A can ake yin ibadar ranar, a kan ciyawa.

Thomas Stanley ya ci gaba da zama a Eyam har ya rasu a 1670, akwai dutsen tunawa da shi a maƙabartar. Mompesson kuwa ba a nan yake kwance ba. Bayan an ƙone tufafi da shimfiɗun garin, nasa ma a ciki, an mai da shi ƙauyen Eakring a yankin Nottinghamshire wajen 1669. Labarin da ake bayarwa a can shi ne mutanen Eakring sun ƙi barinsa ya shiga gari don tsoron yana ɗauke da cutar, sai da ya zauna na wani lokaci a wata bukka a dajin Rufford yana yi musu ibada a gindin bishiya. Daga baya suka karɓe shi, ya sake aure, ya yi shekara kusan arba'in yana limancinsu, ya rasu a 1709.